Maganin sikila da aka janye: me ya tabbata, me aka ƙara wa gishiri?

Tun da kamfanin Pfizer ya janye maganin Oxbryta daga kasuwannin duniya ranar 25 ga Satumba, 2024, maganganu suke yawo a tsakanin iyayen masu sikila. Wasu gaskiya ne, wasu kuwa za su iya kwantar da yaro a asibiti.

An janye maganin, wannan ba ƙarya ba ne. Kamfanin Global Blood Therapeutics na Kalifoniya ne ya ƙera shi, hukumar magunguna ta Amurka ta ba shi izinin gaggawa a Nuwamba 2019, sannan Pfizer ya sayi kamfanin a 2022 kan dala biliyan 5.4. Aikin maganin shi ne ya sa jini ya riƙe iskar oksijin da kyau, don kada ƙwayoyinsa su lanƙwashe kamar lauje. A gwaji ya ɗaga yawan jini, kuma a kan wannan aka ba da izinin, ba a kan cewa ya rage tashin ciwo ba. Nan gizo ke saƙar. Daga baya bayanai suka nuna tashin ciwo da mace-mace sun fi yawa a wajen masu shan sa. A wani gwaji na yara 236, takwas sun rasu cikin masu shan maganin, biyu cikin waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta. Najeriya da Gana suna cikin ƙasashen da aka yi wannan gwaji, kuma zazzaɓin cizon sauro na cikin abin da ya yi ajalin wasu. Duk Bakanon da ya tuna gwajin maganin Trovan da Pfizer ya yi a annobar sanƙarau ta 1996, in ya ji wannan gabansa ya faɗi, ba a ga laifinsa ba.

Batun ƙara ma gaskiya ne. Majinyata da iyalai sun kai kamfanonin biyu kotu a Amurka, musamman a Kalifoniya, suna zargin an san haɗarin ba a gargaɗe su ba. Amma shigar da ƙara daban, hukunci daban. Dole mai ƙara ya nuna ya sha maganin, da takardun asibiti, sannan ya gamsar da kotu cewa maganin ne ya cutar da shi, ba sikilar kanta ba. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, tunda ita ma cutar tana kawo irin wannan ciwon ƙashi ko ba a sha komai ba.

Saboda haka maganar cewa duk mai sikila yana da kaso a diyya ba ta da tushe. Kafin a janye shi, kuɗin Oxbryta ya haura dala 100,000 a shekara a Amurka. Ba abin da uwa za ta saya a kemis ɗin unguwa ba ne. Wanda ya ce a turo kuɗin fom don a sa sunan ɗanki, ki rufe jakarki.

Ƙaryar da ta fi tayar mini da hankali ita ce wai duk magungunan sikila aka janye. Haidiroksiyuriya, wanda likitocinmu suka fi rubutawa, wani magani ne dabam, aikinsa dabam, an amince da shi ga masu sikila a Amurka tun 1998, kuma bincike a Kano ya nuna yana kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. Ba a janye shi ba. Haka folik asid da maganin rigakafin zazzaɓi. Uwa ta ɗauko kwalbar ta karanta sunan: in ba Oxbryta ko ɗaya sunansa, voxelotor, aka rubuta ba, wannan labari bai shafi maganin ɗanta ba. Iyalin da ɗansu ya shiga gwajin kuwa, su koma asibitin da aka yi shi, su nemi kwafin takardar amincewa da suka sa wa hannu da bayanan jinyarsa kafin su zauna da lauya.