Wa Ke Duba Ledar Magungunan Baba?

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a unguwanninmu, wadda na gaji da gani. Dattijo ya kwana yana nishi saboda ciwon gwiwa ko na baya, gari na wayewa sai a miƙa wa yaro kuɗi a ce, "Maza je kemis ka ce a haɗa wa Baba maganin ciwon jiki." Mai shago ba ya tambayar shekarun Baba, ba ya tambayar ko yana da hawan jini ko ciwon suga, balle ya ji magungunan da asibiti suka ɗora shi a kai. Sai ya ɓallo ja ɗaya, farare biyu, rawaya ɗaya, ya ƙulle a 'yar leda ya ce a sha safe da dare. Ba suna, ba kwali, ba ranar lalacewa. Baba ya sha, ciwo ya lafa, a yi ta sa wa "likita" albarka. Bayan 'yan watanni ƙafafu su kumbura, ko a wayi gari yana aman jini, sai a ce ai tsufa ne, wasu ma su ce sammu aka yi masa.

Mai kemis daban, famasis daban. Famasis masanin magunguna ne da ya yi shekara biyar ko shida a jami'a, kamar ta Ahmadu Bello da ke Zariya, ya ƙara shekara guda ta horo kafin hukumar PCN mai kula da aikin famasis ta ba shi lasisi. Mai kemis kuwa izinin da doka ta ba shi na sayar da ƙananan magunguna ne a cikin kwalinsu, ba na haɗa wa mutane ƙwayoyi ba.

Maganar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya ita ce wadda kusan kowa ke faɗa: "Maganin ciwon jiki ne fa kawai, me zai yi wa mutum?" Wasu su ƙara da cewa, "Ai ni ma shi nake sha, ga ni garau." To, malam, kai shekararka talatin da biyar, Baba kuwa ya haura saba'in. Ƙoda ita ke tace jini ta fitar da ragowar magani ta fitsari, kuma ƙarfinta yana raguwa da shekaru ko da mutum lafiyarsa ƙalau. Haka ma hanta. Ƙwayar da jikinka zai sallama kafin dare, a jikin tsoho tana iya kwana, gobe kuma a ɗora masa wata a kanta.

Me ke cikin ƙullin nan da ake kira haɗi? Galibi za ka tarar da diklofenak, ibufurofen da firoksikam, wanda wasu suka fi sani da Feldene. Ukun nan 'yan gida ɗaya ne, aikinsu ɗaya, illarsu ɗaya. Wanda ya sha biyu ko uku a tare bai ƙara wa kansa wani sauƙi na a-zo-a-gani ba, haɗarin kawai ya ƙara. Suna cinye abin da ke kare bangon ciki har gyambo ya fito, kuma a wurin tsofaffi gyambon yakan yi ta ci ba tare da wani ciwo ba, sai ranar da aka ga bayan gida ya koma baƙi ƙirin. Suna ɗaga hawan jini, suna sa jiki ya riƙe ruwa, suna rage jinin da ke zuwa ƙoda. In kuwa Baba dama yana shan lisinofiril da maganin sa fitsari saboda hawan jini, aka ƙara masa diklofenak, an haɗa abubuwa uku da masana suka daɗe suna gargaɗi a kansu, don suna iya durƙusar da ƙoda cikin 'yan kwanaki, musamman lokacin zafi ko in yana gudawa. Duk wanda ya taɓa zama a layin wankin ƙoda ya san abin da ake kashewa kowane mako. Gidaje nawa ne za su iya?

Akwai kuma 'yar ƙaramar ƙwayar da ake sakawa a haɗin don ta "ƙara masa ƙarfi", wato deksametason ko firednisolon. Wannan ita ce ta fi yaudara. Ciwo ya tafi, cin abinci ya buɗe, fuska ta ciko, 'yan dubiya su riƙa cewa, "Masha Allah, Hajiya ta murmure, har kumatu ta yi." Kumatun nan illar magani ce. A ɓoye suga na hawa, jini na hawa, ƙashi na zaizayewa, garkuwar jiki na raunana. Kuma wanda ya yi makonni yana shanta ba a yanke masa ita rana ɗaya, sai an bi a hankali ƙarƙashin kulawar likita.

Kada a ɗauka matsalar ta tsaya a kemis. Tsoho ɗaya yana ganin likitan zuciya a nan, na ido a can, na suga a wani asibitin, kowa ya rubuta nasa, ba wanda ya ga takardar wani. Ɗa ya aiko da nasa daga Abuja, 'ya ta zo da tsarabar wasu daga Umara, maƙwabciya ta kawo ragowar na marigayi mijinta. Sau da yawa za ka tarar da magani iri ɗaya a kwali biyu masu suna daban, ana ba tsohuwa duka biyun. Wani lokaci ma illar magani ce ake ɗauka sabuwar cuta. Amlodifin yana kumbura ƙafa, sai a ƙara maganin sa fitsari. Lisinofiril yana sa busasshen tari, sai a yi ta sayen kwalaben maganin tari wata da watanni. Piriton da ake ba tsoho don mura ko don ya samu barci yana iya ruɗa shi, ya hana namiji fitsari. Valium yana daɗewa a jikinsa, ya tashi alwalar asuba jiri ya kwashe shi, ƙugu ya karye. Dattijai nawa aka yanke wa hukuncin gigin tsufa alhali ƙwaya ce ke juya su? Ga kuma Daonil na masu suga, wanda ke iya faɗar da sugan tsoho ƙasa warwas, balle a ce yana azumi.

Waɗannan ba sababbin abubuwa ba ne ga masana. Tun 1991 wani likita a Amurka, Mark Beers, ya fitar da jerin magungunan da ya kamata a yi kaffa-kaffa da su ga tsofaffi, kuma an yi ta sabunta jerin har zuwa 2023. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da gangamin rage cutarwar da magunguna ke jawowa, ta kuma ƙiyasta cewa kurakuran magani na cin dala biliyan 42 a shekara. Sanin irin wannan jeri da amfani da shi aikin famasis ne. Shi ne wanda duk takardun likitocin nan ke iya haɗuwa a gabansa, shi ne kuma ake gani ba kati, ba layi. A lardin Kwibek na Kanada an gwada abin a kan tsofaffi 489 masu shan maganin barci, ko dangin Piriton, ko Daonil, ko dangin diklofenak. Wasu daga cikinsu famasis ya ba su takardar bayani kan haɗarin maganin, ya kuma aika wa likitansu shawara a rubuce. Sakamakon da aka wallafa a 2018 ya nuna bayan wata shida kashi 43 cikin 100 nasu sun rabu da maganin, a ɗaya ɓangaren da aka bari yadda aka saba kuwa kashi 12 ne kawai. Bayani da takarda ne suka yi wannan aiki, ba wata na'ura mai tsada ba.

Na san talauci da layin asibiti da ƙarancin masana a karkara suna cikin abin da ke tura mutane kemis. Su ma masanan da laifinsu. Wanda ya rataye lasisinsa a bango ya tafi harkokinsa, ya bar yaran shago suna miƙa magani kamar masu sayar da alewa, ya ci amanar karatunsa.

To, me ya rage gare mu 'ya'ya da jikoki? A samu rana guda a tattara duk abin da tsoho ke sha a leda ɗaya: na asibiti, na kemis, na ɗigawa a ido, na shafawa, jiƙo da garin gargajiya, har wanda Inna ta ɓoye a cikin kwalla ko ƙarƙashin filo. A kai kantin magani mai rajista, a ce famasis ake son gani, ba yaron kanta ba. Wanda ke ba da maganin a gida shi ya kamata ya je, ba almajirin gida ko ƙaramin yaro ba. A tambaya ɗaya bayan ɗaya: wannan na mene ne, har yaushe za a sha, akwai wanda ya maimaita wani, akwai waɗanda ba sa jituwa, akwai wanda za a iya ajiyewa? Ba rashin kunya ba ne, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In famasis ya ga abin gyara, a roƙe shi ya rubuta a kai wa likita, don likita ne zai canza abin da ya rubuta.

A sa ya rubuta sunayen magungunan duka a takarda ɗaya, a ɗauki hotonta a waya, a riƙa nuna ta duk asibitin da aka je. Lokutan sha a ɗaura su a kan salloli, wannan bayan asuba, wancan bayan isha, ya fi sauƙin riƙewa ga wanda ba ya karatun boko. Mutum ɗaya ya ɗauki nauyin bayarwa, don kada uwargida ta ba Alhaji, amarya ma ta zo ta ba shi. Ciwon gaɓoɓi a fara da farasitamol da man shafawa da gashi da ruwan ɗumi, amma shi ma farasitamol yana da iyaka, kuma yawancin magungunan mura suna ɗauke da shi, don haka a tambaya kafin a haɗa. Maganin hawan jini ba a ajiye shi don an ji sauƙi. Mai suga ya je a duba magungunansa tun a Sha'aban, kada a bari sai ya faɗi ana dab da shan ruwa. Mai hawan jini ko suga a riƙa yi masa gwajin ƙoda aƙalla sau ɗaya a shekara. Duk ranar da tsoho ya fara jiri, ko ruɗewa, ko faɗuwa, ko fitsarinsa ya ragu bayan an fara sabon magani, a fara zargin maganin kafin a zargi tsufa. Baƙin bayan gida ko aman jini kuwa asibiti ne kai tsaye.

Don Allah, duk mai tsoho a gida ya shiga ɗakinsa yau ya duba. In ka tarar da ƙullin ƙwayoyin da ba su da suna, kada ka sake ba shi ko ɗaya sai ka nuna wa famasis, kuma kada ka bari mako ya zagayo ba ka je ba.