Wannan ba hoton Shehu ba ne

A Makera, kamar sauran unguwannin Kaduna, ba wuya ka ci karo da hoton wani dattijo mai rawani da farin gemu, manne a bayan Keke Napep ko yana yawo a WhatsApp, a ƙasansa an rubuta Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ba shi ba ne. Shehu ya rasu a Sakkwato a 1817, ɗaukar hoto kuwa sai a 1839 wani mai suna Daguerre ya bayyana wa duniya ita a Faransa, shekara 22 bayan an rufe Shehu a Hubbare. Ko dai zane ne, ko kuma wani bawan Allah ne aka ɗauka daga baya aka laƙaba masa sunan. Abin na damuna, domin yaron da ya tashi da wannan fuskar a zuciyarsa zai riƙe ta fiye da duk abin da malami ya karantar da shi game da Shehu.

Haka nan Sarauniya Amina ta Zazzau bisa doki da takobi a hannu. Ita da ake danganta zamaninta da ƙarni na 16, wa ya ɗauke ta? Aikin masu zane ne.

Amma kada a yi jam'u a ce duk tsohon hoto ƙarya ne. Hotunan dalar gyada ta Kano na gaskiya ne. Hawan daba da aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956 an ɗauke shi, haka ma Sardauna Ahmadu Bello a wuraren taro iri-iri. Sai dai a lura, wasu daga cikin masu launin da ake turawa yanzu asalinsu baƙi da fari ne, kwamfuta ce ta shafa musu launi, har ta zaɓa wa mutum kalar babbar rigarsa.

Abin takaici shi ne hotunan da suka fi shafar Makera ba su ne ke yawo ba. A Kakuri, maƙwabciyarta, aka buɗe masaƙar KTL a 1957, daga baya masaƙun UNTL da Arewa Textiles suka biyo, mutane daga kowane lungu na Najeriya suka zo suka kama haya a nan don aikin masaƙa. KTL ta rufe a 2002. Hotunan waɗannan ma'aikata da katin shaidar aikinsu suna nan a akwatunan iyalansu, danshi na cin su, galibi ba suna ba shekara a bayansu, tsofaffin da za su iya cewa wane ne wannan kuma suna ta raguwa.