Me Ya Sa Taurari Ke Ɗaukar Mota Da Direba In Za Su Sayi Agogo A Ƙasar Waje?

Masu bibiyarmu, kun sha ganin irin bidiyon nan a Instagram: mawaƙi ya sauko daga baƙar Marsandi, direba na riƙe masa ƙofa, ya shige shagon agogo. Wasu sai su ce ai burga ce kawai. Akwai burga kam, amma ba ita kaɗai ba ce.

Da farko, irin waɗannan agogon ba kamar sayen waya ba ne. Ko ka je Dubai Mall, ko titin Bond Street a Landan, ko Rue du Rhône a birnin Jeniba na ƙasar Suwizalan, inda hedikwatar Rolex da Patek Philippe take, kuɗi kaɗai ba za su ba ka Daytona ko Nautilus nan take ba. Suna kake rubutawa ka jira, kuma tsohon kwastoma ake fara kira. Shi ya sa masu abin kan tsayar da lokaci da shago biyu ko uku a rana ɗaya, direba yana kai su ƙofa zuwa ƙofa.

Na biyu, tsaro, kuma nan ne maganar take. A Landan da Faris akwai ɓarayin da agogo kawai suke farauta, suna bin mutum tun daga bakin shago ko gidan abinci. A watan Afrilun 2022 an tare ɗan damben Birtaniya Amir Khan, ba Aamir Khan na fim ɗin Indiya ba fa, aka nuna masa bindiga a gabashin Landan aka ƙwace agogonsa. To wa zai riƙo ledar Rolex ya tsaya bakin titi neman tasi?

Sai batun haraji, wanda shi ke sa a zaɓi ƙasa. A Dubai harajin kaya kashi 5 ne cikin ɗari, kuma baƙo na iya karɓo mafi yawansa a filin jirgi. A Faransa kashi 20 ne, su ma suna mayar wa baƙo wani ɓangare. Birtaniya kuwa ta daina mayarwa tun Janairun 2021.

Amma fa direba iyakarsa ƙofar filin jirgi, daga nan kai da kwastan ne. A Janairun 2024 jami'an kwastan na birnin Munik a Jamus sun tsare Arnold Schwarzenegger, wanda muka fi sani da Kwamando, na tsawon sa'o'i saboda bai bayyana agogon Audemars Piguet da ya shigo da shi ba. Idan Kwamando bai tsira ba, ina ga ni da kai?

Saboda haka in Allah ya hore maka, ka adana rasit, katin garanti da kwalin agogon. Su ne shaidarka gaban kwastan, kuma su mai saye zai fara tambaya ranar da ka tashi sayarwa.