Maye da Yarda a Shari'ar Fyaɗe a Kano

A dokar Penal Code da kotunan Kano ke aiki da ita tun 1960, sashe na 282 ya bayyana fyaɗe da saduwa da mace ba da yardarta ba. Sashe na 39 kuwa ya soke yardar wadda aka sa ta maye ba da son ranta ba, mayen ya gusar mata da hankali har ba ta san abin da ta amince da shi ba. Idan aka zuba wa ma'aikaciyar wata masana'anta a Sharaɗa ƙwaya cikin lemo bayan tashi daga aiki, ko ta gyaɗa kai, doka ba ta lissafa wannan a yarda. Shi kuma wanda ake tuhuma, in da kansa ya sha ya bugu, mayen ba ya wanke shi, sai in ɗura masa aka yi ba da saninsa ba. Gardama a kotu takan tsaya ne kan hujjar cewa hankalinta ya gushe a lokacin.