Me Ya Sa Gero Ya Fi Kyau a Ƙarƙashin Gawo?

Da damina, geron da ke ƙarƙashin gawo yakan fi na sauran gonar kauri. Sirrin yana cikin sinadarin naitirojin.

Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma shuka ba ta iya ɗaukarsa daga iska. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a ƙulle-ƙullen saiwar gawo, wake da gyaɗa su ke mayar da shi abincin shuka. Gawo yakan zubar da ganye farkon damina, ganyen ya ruɓe ya zama taki. Da rani dabbobi su taru a inuwarsa, su bar kashi. Daga baya wasu bakteriyan su mayar da naitirojin cikin iska, zagayen ya sake farawa.

Idan muka sare gawo ko muka ƙone karan gona, mun rage wa ƙasa wannan taki, sai an sayi na zamani. Shi ya sa manoman Maradi da Damagaram ke barin gawo ya tsiro a gonakinsu.

Bana mu tumɓuke wake ɗaya, mu fasa ƙullin saiwarsa. In cikinsa ja-ja ne, bakteriyan suna kan aiki.