Soyayyen Dankali da Lafiyar Jiki

Yawancin dankalin Turawan da ake ci a ƙasar Kano daga Filato yake zuwa, ta hanyar da ta ratsa Doguwa da Tudun Wada ta ɓulla Kwanar Ɗangora, wajen Kiru da Bebeji. Shi kansa abinci ne nagari, gama yana da bitamin C da sinadarin fotasiyam, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari nasa ruwa ne. Illarsa a kasko take farawa.

Idan an yanka shi falle-falle aka soya, ruwan yakan ƙone, mai ya maye gurbinsa. Dafaffen dankali giram 100 bai kai kalori 90 ba, alhali kuwa na leda mai ƙaras-ƙaras ya haura 500, kusan sulusinsa mai ne. Ga kuma gishiri, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 a yini, saboda hawan jini.

A shekarar 2002 masana a Suwidin suka gano cewa suya mai tsanani takan haifar da sinadarin akirilamaid, wanda ake zargi da jawo ciwon daji. Gwargwadon duhun da dankalin ya yi, gwargwadon yawansa ke nan. Man da ake ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi shi ma abin gudu ne, musamman ga ma'aikacin da wannan ne kalacinsa kullum.