Lissafin Sirakus: yaushe lamba take saukowa ƙasa da inda ta tashi?

Akwai wani lissafi da yaron lakwal zai fahimta cikin minti biyu, amma ya gagari manyan masanan duniya sama da shekara 80. A ƙasashen da ke karatu da Faransanci ana kiransa lissafin Sirakus, daga sunan wata jami'a ta jihar New York a Amurka. Wasu kuma suna kiransa da sunan Lothar Collatz, Bajamushen da ake danganta masa ƙirƙiro shi a 1937.

Ƙa'idar biyu ce kawai. Zaɓi kowace lamba. In cika ce, wato tana rabuwa biyu daidai, ka raba ta biyu. In mara ce, wato tana barin saura ɗaya, ka ninka ta sau uku ka ƙara ɗaya. Abin da ya fito, ka sake yi masa haka. Mu ɗauki 6: za ta ba da 3, 10, 5, 16, 8, 4, 2, 1. Zaton masana shi ne, ko daga ina aka tashi, a 1 za a ƙare. Har yau babu wanda ya kawo hujjar haka, babu kuma wanda ya samo lambar da ta ƙi.

Don sauƙaƙa aikin, masana sun koma ga wata tambaya: taki nawa lamba za ta yi kafin ta faɗo ƙasa da inda ta fara? Wannan adadi shi ake kira lokacin tsayawa. In aka tabbatar cewa kowace lamba da ta wuce 1 tana saukowa ƙasa da kanta, magana ta ƙare, domin wadda aka sauko a kanta ita ma za ta sauko, har a kai 1.

Lambobin cika ba su da matsala, taki ɗaya ya ishe su. Rigimar tana wajen na mara, su ma ba duka ba. Waɗanda ke barin saura 1 in an raba su huɗu, kamar 5, 9 da 13, taki uku suke yi: 9 ta koma 28, sai 14, sai 7. Masu taurin kai su ne masu barin saura 3. Lamba 3 da 19 suna yin taki 6, 11 tana yin 8, 7 kuma sai ta yi 11.

Sai 27. Maƙwabciyarta 25 tana saukowa a taki uku, amma ita tana ta hawa da gangara har ta kai 9232. Sai a taki na 96 take faɗowa ƙasa da kanta, a kan 23, sannan ta isa 1 a taki na 111. Mai kaye da bik yana iya gwadawa da kansa.

Me ya sa ake zaton kowace lamba za ta sauko? In ka ninka mara sau uku ka ƙara ɗaya, dole cika ta fito, sai an raba ta biyu aƙalla sau ɗaya. Wani lokaci sau biyu, wani lokaci sau huɗu. In aka daidaita, daga wata mara zuwa mai bi mata, lamba tana komawa kusan kashi uku cikin huɗu na girmanta. Sai dai wannan lissafin matsakaici ne, bai hana a samu wata guda da za ta yi ta hawa ba iyaka, ko ta shiga kewaye ba fita.

Tsoron nan yana da tushe. Canza ukun ya zama biyar, ka tashi daga 13: za ka samu 66, 33, 166, 83, 416, 208, 104, 52, 26, ka dawo 13. Ba za ka taɓa ganin 1 ba.

An dai samu ci gaba. A 1976 Riho Terras ya nuna cewa kusan dukan lambobi suna saukowa ƙasa da inda suka fara. A 2019 Terence Tao na jami'ar Kaliforniya da ke Los Angeles ya nuna cewa kusan duka suna gangarowa ƙasa sosai. A 2020 David Barina na ƙasar Cek ya sa kwamfutoci sun gwada dukan lambobi har zuwa 2 ninki kanta sau 68, lamba mai alƙaluma 21, kuma duk sun isa 1. Amma kusan duka ba duka ba ne, lambobi kuwa ba su da ƙarshe, gwaji ba zai cinye su ba.

Marigayi Paul Erdős, masanin lissafi ɗan Hangari, yana ganin ilimin lissafi bai kai ga irin wannan tambaya ba tukuna, ya kuma sa ladan dala 500. A 2021 kamfanin Bakuage na Japan ya yi alkawarin yen miliyan 120. Har yanzu babu wanda ya karɓa.